Matar Mai Hannun Hagu Biyu

"Ina hannayensu?"

Tambayar da Sista ta fara yi mini ke nan bayan ta baje zane-zanena a kan teburinta, tsakanin kwalbar auduga da katunan awon jarirai. Sista ita ce babbar nas ta ƙaramin asibitin unguwarmu, doguwa mai tabarau, kuma tun ina ƙarama nake tsoronta saboda ita take yi mini allura. Yayata ce ta ja mini wannan zaman. Ta kawo ɗanta awo, ta ji Sista na cigiyar wanda ya iya zane, sai ta ce ai autarsu ta iya, ko tambayata ba ta yi ba.

Na leƙa takardun kamar ban taɓa ganinsu ba. Ga mai sayar da lemo, hannayensa a aljihu. Ga Umma tsaye a bakin ƙofa, nata a ƙarƙashin mayafi. Ga 'yan makaranta a layi, kowa ya kai hannu baya kamar an kama su da laifi. Har da wata mata da na ɗora wa kwando a gaba don kawai ya rufe mata yatsu.

"Suna nan," na ce. "Sun dai ɓuya."

"Duk mutanen nan babu mai fito da hannunsa ya sha iska?"

Yaya ta tuntsure da dariya har ɗanta, wanda muke kira Kumatu, ya taya ta ba tare da ya san dalili ba.

"Hannu yana da wuya, Sista. In na zana sai ya fito kamar nonon ayaba."

Ta cire tabarau ta goge. "To aikin da nake so, hannu ne daga farkonsa har ƙarshensa. Kwanaki aka kawo mini jariri, maɓallin riga ya maƙale masa a maƙogwaro. Kakarsa ta zura yatsa za ta ciro, ta ƙara tura shi ciki. Ya shigo nan leɓɓansa sun canza kala. Allah ya sa da sauran kwanansa. Na raba wa mata takardu masu bayani, na gan su suna fifita da su. Wasu ba sa karatu, masu karatun ma wa ke tuna rubutu ɗansa na hannunsa ba ya numfashi? Zane nake so a bango, babu rubutu ko ɗaya."

Ta jawo wata 'yartsanar roba daga durowa, mai girman jariri, idonta ɗaya ya koɗe. Ta zauna, ta miƙe hannu bisa cinyarta, ta kifa 'yartsanar rub da ciki a kan hannun, kan ya yi ƙasa, ƙugun ya yi sama. Yatsunta suka tallafe haɓa da muƙamuƙi. "Nan za a riƙe, ba wuya ba. Kin gani? Ba wuya ba." Sai ta ɗaga ɗaya hannun ta buga tsakanin kafaɗun da tushen tafinta, har na zabura. "Wannan na jaririn da ya kasa kuka ne, ya kasa tari. Mai tari a ƙyale shi ya yi tarinsa. Akwai na ƙirji kuma, shi ni zan riƙa nunawa da kaina ranar awo. Na bayan ne na bango."

Na gyaɗa kai.

"Ga yadda za mu yi. In kin gama, zan ba wata mata a benci zanen da 'yartsanar, ba zan ce mata uffan ba. In ta yi daidai, ya tafi wurin mai buga takardu tare da sauran fostocin ƙarshen wata. In ta yi kuskure, bangon ya zauna haka nan. Ba zan manna abin da zai sa uwa ta illata ɗanta da hannunta ba."

A hanyar gida Yaya na ta murna wai ƙanwarta ta samu aiki. Ni kuwa idona na kan Kumatu, wanda ya kama igiyar jakarta yana tsotsa.

Na fara tun ranar. Fensir na hannun dama, don haka sai na ɗora na hagu a kan tebur na mai da shi abin kallo. Na zana shi a buɗe, a dunƙule, a kife, a kwance. Na cinye bayan tsofaffin takardun jarrabawata, na koma kwalin sabulu. Na farkon sun fito kamar cokali mai yatsu. Kaka, mahaifiyar Umma, wadda ke yini a tabarma kusa da teburina, ta ɗauki ɗaya ta nisanta shi da idonta.

"Auta, wannan kazar me ya same ta a ƙafa?"

"Hannu ne, Kaka."

"Na wa? Allah ya ba shi lafiya."

Ban daina ba. A hankali na fara ganin abubuwan da na shekara ina kallo ban gani ba. Ashe babban yatsa ba daga gefen tafi yake fitowa ba, tushensa can ƙasa yake kusa da tsintsiyar hannu. Ashe gaɓoɓin yatsu ba a miƙaƙƙen layi suke ba, lanƙwasa suke yi kamar bakin kwano. In na fara zana tafin kamar ɗan akwati sannan na dasa yatsun, sai su daina tarwatsewa. Wani littafin koyon zane da na aro a laburare ya ce a duba sararin da ke tsakanin yatsu, ba yatsun kaɗai ba. Na gwada, ya yi aiki har na ji haushin ban sani da wuri ba. Ranar da Kaka ta ɗauki takarda ta ce, "Au, ga tabon wuƙar nan na yatsanki," na san na fara isowa.

Sai dai duk yadda hannun ke gyaruwa, haka tsorona ke ƙaruwa. Kumatu ya fara rarrafe, kuma duk abin da ya tsinta bakinsa ne ma'ajinsa. Na zama mai sharar gidan ba tare da an sa ni ba. Ina bin ƙasa da ido ina tsince maɓalli, murfin biro, ɗan kunnen Yaya, ƙwayar wake.

Wata rana da hantsi na miƙa hannu zan ɗauki kilinar da nake goge fensir da ita, wadda ta cinye ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, ban same ta ba. Na ɗaga takardu, babu. Na leƙa ƙarƙashin tebur, sai ga Kumatu zaune, bakinsa a rufe, kumatunsa cike, yana kallona shiru.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Na finciko shi, na matse masa baki, yatsana ya riga ya wuce leɓensa lokacin da Kaka ta damƙe mini tsintsiyar hannu.

"Ke! Mahaukaciya ce? Ga tsiyarki nan manne da tafin ƙafata."

Kumatu ya fashe da kuka, miyau kawai ya zubo. Yaya ta fito daga banɗaki da kumfa a ka tana tambayar wa ya mutu. Ni kuwa na tsaya ina kallon yatsana. Ni ce fa Sista ta zaunar ta gaya wa abin da yatsa ya yi wa wancan jaririn. Ni ce na yini ina zana yadda ake yi. Amma da tsoro ya zo, komai ya fice daga kaina. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Duk da haka na gama zanen, kuma na zuba masa duk abin da na iya. Na zana uwar zaune a kujera ta gefe, na yi wa rigarta furanni ƙanana, na yi inuwa a kowace lanƙwasa. Na ɗan ɗaga kan jaririn don fuskarsa ta fito, tunda fuska ce abin da na fi iyawa. Hannayen kuwa, ko Umma sai da ta ce kamar su motsa.

Ranar awo ɗakin jira ya cika, bencuna sun ɗauki mata da jarirai, fanka na juyawa ba ta kawo iska. Sista ta karɓi zanen, ta dube shi, ta dube ni. Ta miƙa shi tare da 'yartsanar ga wata ƙatuwar mata da ake kira Maman 'Yan Biyu.

"Yi abin da kika gani."

Matan kusa suka miƙo wuya.

"Kai, rigar nan ta yi kyau. Wane tela ne?"

"Ni tambayata, me yaron ya yi mata take dukansa haka? Ɗan mitsitsi da shi."

"Wataƙila cizonta ya yi wurin shan nono. Nawa ma saura kaɗan."

Aka yi dariya. Na dubi Sista ko za ta yi bayani, ta harɗe hannuwa ta zuba ido. Maman 'Yan Biyu ta kifa 'yartsanar a hannunta na dama, kan a sama kamar yadda na zana. Ta dubi zanen, ta dubi hannunta, ta murɗa tsintsiyar hannun tana neman babban yatsanta ya koma inda na sa shi. Ya ƙi. Ta sake murɗawa har gwiwar hannunta ta tashi. Daga ƙarshe tafinta ya zame daga haɓa, yatsunta suka zagaye wuyan 'yartsanar suka shaƙe shi tam.

"Haka?" ta ce, ta ɗaga ɗaya hannun ta ɗirka mata a baya.

Kan 'yartsanar ya fice. Ya faɗi ƙasa, ya gangara ƙarƙashin benci, ya tsaya yana kallona da idonsa mai kyau ɗaya.

Ɗakin ya kece da dariya, wata har da riƙe ciki. Ni kuwa wuyan Kumatu kawai nake gani, mai laushi, mai ninki biyu, wanda in an yi masa wanka sai an buɗe an goge.

Sista ta ja ni ofis ta rufe ƙofa. "Ɗora hannunki na dama kusa da hannun daman matar da kika zana."

Na ɗora. Babban yatsana ya kalli taga, nata ya kalli ƙofa.

"Matar nan taki hannun hagu biyu ne da ita. Hannun wa kika kalla?"

"Nawa," na ce da ƙyar. "Na hagun ne kawai ba ya riƙe da fensir."

"Sannan kin ɗaga masa kai, na ce ƙasa. Sannan sun ga riga kafin su ga yaro." Ta mayar wa 'yartsanar kanta da murɗawa ɗaya ta miƙo mini. "Tafi da ita. Wata bai ƙare ba tukuna."

A gida na ajiye 'yartsanar bayan ƙofa na rufe ta da tawul. Umma ta dube ni ta ce, "Auta, in abin nan zai hana ki cin abinci, mayar mata da kayanta ki ce ba za ki iya ba. Ba dole."

Na so in yi hakan. In bango babu komai, duk abin da ya faru ba da hannuna ba ne. Amma sai na tuna ai bangon babu komai ne lokacin da aka kawo mai maɓalli, kuma a wannan asibitin Yaya take zama duk ranar awo tana kallon bangon. Ko ta ina na juya, tsoro ne a tsaye.

Washegari da rana, kowa na barcinsa, na yaye tawul ɗin. Na zauna na kifa 'yartsanar a hannuna yadda Sista ta yi, ba don in zana ba, don kawai in ji yadda yake. Na sunkuya na duba. Abin da na gani bai yi kama da zanena ba ko kaɗan. Ban ga fuskata ba, ban ga kujera ba, ban ga riga ba. Hannayena biyu na gani sun fito daga ƙasan idona, da gwiwoyina, da bayan jaririn da ƙeyarsa. Ashe abin da na zana, abin da maƙwabciya ke gani ne daga bakin ƙofa. Ita uwar ba haka take gani ba. Don ta bi zanena sai ta juya shi a kanta tukuna, ta gane ina ne dama ina ne hagu, a lokacin da ni ko gargaɗi ɗaya na kasa riƙewa.

Matsalar ita ce ba zan iya riƙe 'yartsana da fensir lokaci guda ba. Na je na tashi Yaya.

"Ke wai ba ki san darajar barcin mai jego ba?"

"Yaron da ke rarrafe, wane jego kuma? Don Allah, Yaya, aron hannayenki nake so."

Na zaunar da ita a 'yar kujera, na gyara mata riƙo, na jawo teburin cin abinci bayanta na hau. Ni da ko tsani ba na hawa. Teburin na rawa. Na leƙo ta saman kanta, ga shi nan daidai abin da na gani ɗazu, da hannun dama na gaske da na hagu na gaske. Na fara zane ina numfashi da baki.

Umma ta fito ta tarar da mu. "Innalillahi! A kan teburin da muke cin abinci? Sauko kafin ki karye in rasa abin faɗa wa babanku."

"Saura kaɗan, Umma."

"Hannuna ya sage," in ji Yaya. "Kuma kina ɗiga mini gumi a ƙeya."

Da na sauko na duba, sai na ga daga sama yatsun da ke haɓa ba sa fitowa, kuma ba a gane kan ya yi ƙasa. Wato zane ɗaya ba zai isa ba. Na kwanta a ƙasa rigingine kusa da ƙafar Yaya, na kalli riƙon daga ƙasa: babban yatsa a wannan gefen muƙamuƙi, sauran a wancan, wuya a sake babu abin da ya taɓa shi. Kaka ta farka ta gan ni.

"Ɗazu sama, yanzu ƙasa. Gobe sai cikin rijiya."

Haka muka yi ta yi kullum da rana har Yaya ta fara ɓuya in ta ga na ɗauki fensir. Na jefar da furanni, na jefar da inuwa. Layi mai kauri kawai, wanda mai raunin ido zai gani daga bencin baya. Na raba takardar gida uku. Na tsakiya riƙon ne ta gefe, da layin ƙasa a fili don a ga kan ya sunkuya, da ɗan da'ira mai nuna yatsu a haɓa. Na ƙarshe shi ne abin da uwa ke gani, hannayen sun fito daga ƙasan takardar. Na farko kuma dole ya amsa tambayar matar nan da ta ce me yaron ya yi. Dole a ga jaririn, baki a buɗe, ido a waje, da maɓallin a maƙogwaronsa kamar fatar wuyan gilashi ce.

Shi na bari a ƙarshe. Na zana shi, ban ma lura da abin da nake yi ba sai da na ji Yaya ta tsaya a bayana.

"Wannan ɗana ne."

Na duba. Kumatun nasa ne, da gashin nan da ke miƙewa a tsakiyar ka. Fuskar jaririn da na fi sani ita hannuna ya ɗauko.

"Yaya, ban yi da..."

"Goge shi." Muryarta ba irin ta wasa ba ce. "Hannuna na ba ki aro, ban ba ki ɗana ba. Ki sa shi a bango yana mutuwa, in riƙa zama ina kallo? Goge shi yanzu."

Na yaga gidan gaba ɗaya, na yi masa gutsi-gutsi na kai bola da kaina. Yaya ta ɗauki Kumatu ta shige ɗaki, ba ta sake yi mini magana ba sai da yamma. Na zana wata fuskar, zagayayya, babu gashi, babu kamar kowa. Ita ma sai da ta sa ni kuka.

Ranar awo ta gaba ita ce ta ƙarshe kafin wata ya mutu. Yaya ta raka ni ba tare da na roƙe ta ba. Sista ta ce waɗanda suka ga na farko ba za su yi ba. Ta manna zanen a bango da salatif yadda zai zauna in an buga, ta zagaya ɗakin da ido, ta tsaya kan wata tsohuwa siririya da ta kawo jikarta.

"Baba, zo ki yi mini abin da kika gani."

"Ni? Na raini 'ya'ya na raini jikoki, takarda ce za ta koya mini riƙon yaro?"

"Ai shi ya sa na zaɓe ki."

Tsohuwar ta miƙa jikar ga ta kusa da ita, ta karɓi 'yartsanar ta ƙafa ɗaya, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa bangon. Ta daɗe a gidan farko.

"Subhanallahi. Abu ya haɗiya. Ga shi nan a wuya."

Babu wadda ta yi dariya. Ta koma na biyu, ta ja baya ta zauna bakin benci, ta kifa 'yartsanar. Kan ya yi sama. Na buɗe baki, Sista ta take mini ƙafa. Tsohuwar ta sake duban bango, ta yi tsaki, ta miƙe ƙafarta gaba har kan ya sunkuya. Yatsunta suka lalubi wuya. Na runtse ido. Da na buɗe, sun haura sun zauna a muƙamuƙi, tana duban 'yar da'irar tana gyara babban yatsa. Ta kalli gida na uku, ta kalli hannayenta, ta ce, "Au, ai nawa ne." Ta ɗaga hannu.

Sai ta shafa bayan 'yartsanar a hankali, ta ɗan bubbuga kamar mai lallashin yaro ya yi barci.

"Shi ke nan?" in ji Sista.

"Abin da ta yi ke nan." Tsohuwar ta nuna bango.

Na duba. Gaskiyarta. Hannun da na zana kwance yake a bayan jaririn, yatsu a sake. Duk tsawon kwanakin nan ban yarda na zana bugun ba. Tsoron kada a ji wa yaron ciwo ya bi fensir ya shiga takardar.

Sista ta numfasa. "Riƙon ya yi. Amma wannan shafar ko kunu ba za ta fitar ba, balle maɓalli. Mai buga takardu yau zai aiko a karɓa."

"Ba ni fensir," na ji bakina ya ce. Nawa yana jaka. Yaya ta buɗe ta miƙo.

Na ɓare takardar daga bango na durƙusa na ɗora ta a benci. Na ce Sista ta buga wa 'yartsanar, ta buga, na ce ta sake, na hana idona runtsewa. Yatsunta ba sa taɓa bayan ma, sama suke kallo, tushen tafin ne kaɗai ke sauka. Na goge hannun da na sha wahala a kansa. Na zana shi sau biyu, ɗaya a sama da layi siriri, ɗaya a ƙasa da layi mai kauri, yatsu a ɗage, kibiya a tsakaninsu, da 'yan layuka suna tartsatsi a inda ya sauka. Bai kai na da kyau ba. Gumina ya ɗiga a gefe ya bar tabo.

Duk matan ɗakin sun riga sun gani, don haka Sista ta leƙa waje ta kira wani direba da ke jiran matarsa a inuwa, makullin mota a hannunsa.

"Ni fa ban iya riƙon jarirai ba, Sista. Ko nawa sai ya yi wata uku nake ɗauka."

"Ba hira na kira ka ba. Duba bango."

Ya duba. Ya sa makullin a aljihu, ya zauna, ya kifa ta, kan ƙasa. Manyan yatsunsa suka tallafe haɓar kamar mai riƙe da ƙwai. Ya ɗaga hannu ya tsaya, ya sake duban kibiyar, ya dubi Sista. Ba ta motsa ba. Sai ya sauke tushen tafinsa tsakanin kafaɗun, ɗam, har jaririn da ke barci a bencin gaba ya farka.

"Allah ya sa ban yi ɓarna ba," in ji shi, yana juya 'yartsanar yana dubawa.

Sista ta ɓare zanen, ta hure burbushin kilina, ta zura shi cikin babbar ambulan tare da sauran fostocin, ta lashi bakin ta manne.

Na zaci zan ji daɗi. Abin da na ji shi ne za a buga shi da yawa, a manna, mata su yi ta kallonsa suna jiran layi, kuma wata rana ɗaya daga cikinsu za ta yi amfani da shi a ɗakinta, da jariri na gaske, ba ni a wurin, ba Sista. Na so in ce a buɗe ambulan in ƙara dubawa sau ɗaya, amma an riga an manne ta.

"Tashi mu je, Auta," in ji Yaya. "Kin durƙusa a hanya."

"Ƙafafuna sun ƙi."

Tsohuwar ta matsa gefe ta buga benci da tafinta. "Ku ƙyale ta. Hau nan ki zauna, 'yar nan, har su dawo. Wata ta ba ta ruwa, kun ga leɓenta kuwa?"